Makulli Na Biyu

Daren Talata na ɗaure shi a ƙasan bene,
sarƙa ta bi ta firam, ta bi ta zoben bango,
na danna kwaɗon baya har ya ce ƙas.
Asuba ta gari waya ta tashe ni:
wata na durƙushe a Helpman, faya ta fashe.
Na sauko ina ɗaura gyale, jaka a kafaɗa,
na tarar da zobe shi kaɗai,
da guntuwar sarƙa yashe a ƙasa
kamar saɓar maciji.

Naƙuda ba ta jiran kowa.
Tjeerd na ƙofar kusa ya fito da rigar barci,
ya miƙo mini keken 'yarsa, mai kwando da fure,
na ratsa Groningen cikin yayyafi, gwiwa na dukan haɓa.
Yarinya ce aka samu. Na yanke cibi,
hannuna bai yi rawa ba sai da na dawo gida.

'Yan sanda suka ce, lambar firam fa?
Ban san ta da ka ba, amma na san inda take:
cikin murfin kabad ɗin kwanoni,
rubutun Sjoerd, da fensir, karkace kamar kullum,
ga ranar saye, ga lambar inshora a ƙasa.
Shi ne mai karanta ƙananan haruffan takarda,
ni kuwa in yi ta masa dariya
ina cewa ya auri rasit kafin ya aure ni.

Matar kamfani, Annelies, muryarta a sanyaye:
"Za mu biya, amma ki aiko da makullan nan biyu.
In biyun suna hannunki, a kulle yake.
In ɗaya ya ɓata, wa zai shaida mana
ba a jikin kwaɗo kika manta shi ba?"

Ɗaya na nan cikin zoben makullaina.
Ɗayan fa?

Na zazzage gwangwanin maɓallai,
na laluba aljihun tebur, ƙarƙashin tukunyar fure,
akwatin kayan gyara, har cikin takalman ƙanƙara.
Na duba ko'ina sau biyu
don kada in duba wuri guda.

Kwat ɗinsa na rataye a bayan ƙofa.
Wata goma sha huɗu ban taɓa shi ba,
nakan bi ta gefensa a karkace
kamar mai gudun tada mai barci.

Aljihun hagu: tikitin jirgin ƙasa zuwa Zwolle,
baƙar alewa mai gishiri, ta manne da takarda.
Aljihun dama: sanyin ƙarfe,
da jan zare ɗaure a wuyansa.
Ashe yawo yake yi da shi duk shekarun nan,
ya san halina, ya san zan yar da nawa wata rana,
bai taɓa faɗa ba.

Kwana uku yana kan tebur, kusa da ambulan.
Keke dai keke ne, na ce wa kaina,
taya biyu da sirdi da ƙararrawa mai mura.
Ran Juma'a na kwance jan zaren,
na sa makullan biyu, na lashi baki, na rufe.

Kuɗi sun shigo bayan wata guda.
Sabon ya fi nauyi, bai san hanya ba tukuna.
Ba ya kwana a ƙasa. Matakala arba'in da ɗaya,
firam a kafaɗa, feda na cizon ƙugu,
Tjeerd ya leƙo ya ce, "Wietske, bayanki!"
In ce masa, gara bayana.

Na buɗe murfin kabad, na sa sabuwar lamba
ƙarƙashin tasa, da biro, don fensir ya ƙare.
Makulli ɗaya ya shiga zobena.
Na biyun na ɗaura masa jan zare,
na tsaya a bayan ƙofa,
na zura shi aljihun dama.