Kafaɗa da Rabin Kunne

Na sauka daga adaidaita a Gwammaja,
ina jiran canjin ɗari biyu,
sai bangon firamarenmu ya tsare ni da ido.
An shafe shi da farin fenti,
an zana yara huɗu, kowanne ya fi ƙyaure tsawo,
jar singileti, ƙafa ba takalmi.

Na san su.
Ga Tasi'u da wushiryarsa.
Ga Mudi, mai shagon tayal yanzu a Ƙofar Ruwa.
Ga Sagiru Dogo, Allah ya ji ƙansa,
ya rungume kofi kamar an ba shi ajiyar jariri.
Na huɗun ne ban gane ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Gasar gida-gida, gudun miƙa sanda.
Farar ƙasa ta ƙare, aka ja layi da toka,
Malam Habu ya busa usur har muryarsa ta dishe.
Ni na karɓi sandar ƙarshe,
guntun rake ne, duk ya jiƙe da gumin mutum uku.
A kwanar darbejiya ƙaya ta same ni a dunduniya,
na ce mata ki jira,
ta jira,
sai da ƙirjina ya tsinke zaren.

Baba Sidi mai hoto ya zo tun daga Fagge a kan keke,
kyamara a wuya kamar laya,
wandonsa ɗaure da roba a idon sawu.
Saura ɗauka ɗaya a fim ɗinsa.
"Ku matsu! Ku matsu, rana na tafiya!"
Ni ina gefe a zaune, ina tonon ƙaya da tsinke.
Na zabura da ɗingishi.
Ƙyas.
Ya riga ni.

Bayan sati biyu aka wanko hoto:
mutum uku, da kafaɗa, da rabin kunne.
Inna ta kwance bakin zane ta biya duk da haka,
ta maƙala shi a jikin madubi.
Duk wadda ta shigo sai ta nuna mata:
"Ga Lawandi nan. Ki duba, ai kunnensa ne."

Mai zanen yana bisa tsani, yana gyara gindin kofi.
Nazifi sunansa, ya rubuta a ƙasa da lambar waya.
Na ce, samari, wane ne wannan na gefe?
Bai ko juyo ba.
"Hedimasta ya ba ni tsohon hoto, duk ya koɗe.
Ni kuwa ba na zana rabin mutum.
Sai na ari fuskar wani ɗan aji biyar
da ke riƙe min gwangwani."

Magana ta zo min har maƙogwaro.
Tabon yana nan a dunduniya,
in na cire takalmi shaida ta ƙare.

Sai aka kaɗa ƙarfen tashi.
Suka ɓarko kamar an buɗe akurki,
jaka na dukan baya, littafi na faɗuwa.
Wani siriri, aljihun rigarsa a yage,
ya ja abokansa har gindin bango:
"Ga ni! Wallahi ni ne! Ni na ci!"
Suka ce ƙarya ne, in ka isa mu gwada.
Suka cire silifa, suka sa a hannu,
daga bakin kwata zuwa turken wuta.
Ya zo na biyu.
Ya ce a sake.

Na ƙara matsawa, na ɗaga kai.
Fuskar tasa ce, har da ɗigon baƙi a kumatu,
amma kunnen hagu, mai ɗan lanƙwasa a sama,
wanda Inna ke murɗawa in na ƙi wanka,
Nazifi ya kwafe shi yadda yake.

Mai adaidaita yana ta danna hon,
ya gaji da miƙo hannu.
Na ce wa mai zane, kunnen ya yi.
Ya ce, "Na'am?"
Na ce, Allah ya ba da sa'a,
na karɓi canjina.