Tandun Buri

Kuran ya tafi tun la'asar,
tele ta yi baƙi kamar gindin tukunya,
amma yaran ba su watse ba.
Suna ƙofar shagona, nan Birnin Damagaram,
manet a cinya, shayi na biyu kan gawayi,
ana musu kan tandun da ba wanda ya taɓa gani.

Zabairu ya rantse yana ƙasan rijiya ta tara:
ka roƙa, ya ba ka,
amma ya shafe sunan mahaifiyarka daga ranka.

Mutari ya ce, "Ƙarya!
Tsohuwar nan mai sayar da kibau a matakin farko,
wadda kowa ke wucewa ba sallama,
ita ce tandun. Ku dubi idonta na hagu."

Barira, da ta zo kiran ƙanenta,
ta tsaya da bokiti a ka:
"Macijin da kuke sara kullum fa?
Ɗan wasa ne irinku. Ya samu,
ya roƙi kada ya mutu."
Shiru. Har mai fifita ya tsaya.

Ni dala ashirin nake karɓa duk zagaye,
ban taɓa haye gadar farko ba.
Suka ce, "Baba Ilu, kai me za ka roƙa?"
Na dubi duwatsu suna amayar da zafin yini,
na dubi famfon da ya kwana huɗu yana tari.

Kafin in buɗe baki, ƙwan fitila ya kama.
Suka ruga ciki.
Aka bar ni da shayi na uku,
da amsata, tana hucewa.