Tsirkiyoyin da Ba a Taɓawa

Da hantsi 'yarka ta bugo waya,
ina Katako, hannuna dumu-dumu da gam.
Ta ce, "Malam Gwadabe, Baba ya tafi daren jiya."
Na ce to. Na sake cewa to.
Na ajiye wayar a kan benci,
na ci gaba da goge ƙafar kujerar
da na riga na gama gogewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da ka shigo rumfata rungume da wani abu cikin bargo,
kamar mai kai jariri asibiti.
Sanyin Jos ya tsaga masa ciki.
Ba ka jin Hausa, Turancina kuwa na sayen ƙusa ne.
Ka nuna tsagar, ka nuna ƙirjinka.
Na ce, "Goge ne?" Ka ce, "Sarangi."
Na ce, "To, gogen da ya yi makaranta."
'Yarka likita ta fassara,
ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Kwana tara ina lallaɓa shi.
Muka je Naraguta neman fata,
ka ƙi ta fari, ka ƙi ta biyu, ka ƙi ta uku,
ka ƙwanƙwasa ta huɗu da farce,
ka ce wannan akuyar ta sha wuya, za ta iya magana.

Sai daga baya na ji labari
wai a ƙasarku Pandit Someshwar ake ce maka,
manya na tuɓe takalmi tun daga ƙofa,
suna sunkuyawa su taɓa ƙafarka.
Ni kuwa na caje ka kuɗin gam, kuɗin aiki,
har na ɗora maka na baƙunta.
Ka biya, ba ka ce uffan ba.

Ranar ka ce in zo Rayfield bayan la'asar.
An yi ƙanƙara, kwanon gidan na ta ɗiga.
Ka zauna a ƙasa, ka jingina shi da kafaɗa,
ka ja izga sau ɗaya, a hankali,
kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da mara lafiya ke barci.
Na tuna uwata, ban san dalili ba,
tana tsince shinkafa a bakin ƙofa a Gangare.
Shayin da aka ba ni ya huce a hannuna.

Da aka kira magariba ka ɗaga izgar, ka jira.
Ka ce kowane sauti da lokacinsa,
na asuba ba a yinsa da azahar.
Na ce ai mu ma haka abin yake.

Ka nuna mini faratanka,
kowanne da kwarin da tsirkiya ta ci shekara sittin tana haƙa.
Na nuna maka babban yatsana da zarto ya rage wa tsawo.
Sannan ka juya shi, ka ce in ƙirga.
Uku kawai ake taɓawa.
Sauran talatin da 'yan kai suna kwance a ƙasa,
ba mai taɓa su,
sai dai idan 'yar'uwarsu ta yi kuka
su amsa.

An ce toka za ka zama, a ba kogi.
Ban san yadda ake ta'aziyyar irin wannan tafiya ba,
ba a koya mini ba.
Na dai rufe rumfa tun kafin azahar,
yarona Ilu ya ce, "Oga, wa ya rasu?"
Na ce wani da nake riƙe da canjinsa.

Ragowar fatar nan tana cikin akwatin ƙusa,
ta bushe, ta naɗe kamar kunne.
Ɗazu wata motar katako ta wuce da nauyinta,
zartunan da ke rataye a bango suka ɗauki rawa,
siririyar ƙara, can ƙasa-ƙasa.
Ba wanda ya taɓa su.
Na tsaya da kwado a hannu
har suka yi shiru.