Tsakanin Hawa na Uku da na Huɗu

A Aberdeen rana kan tsere tun la'asar,
ta bar mu da gine-ginen dutse masu launin toka
da tsuntsayen teku da ba su san barci ba.
Ni ne mai gadin laburaren jami'a. Murdo.
Shekara goma sha tara ina kashe fitilu,
ina tsintar safar hannu wari ɗaya.

Makon jarrabawa ne, ƙofa a buɗe har asuba.
Ƙarfe uku na dare na same shi a matakala,
inda ɗumi ba ya kaiwa.
Ya tuɓe takalma ya jera su a gefe
kamar baƙon da ke jiran a ce masa shigo.
Katin wuyansa ya ce Struan, ajin ƙarshe,
ilimin haɗa magunguna.

Na ce, "Samari, an rufe nan."
Ƙarya ce. Wa ke rufe matakala?
Ya ce, "To." Ko motsi.

Bara aka tara mu, masu shara da masu gadi da masu girki,
a wani ɗaki mai kujerun roba.
Wata mata, Ishbel, ta ce:
ku yi tambayar kai tsaye, kada ku yi kwana-kwana,
tambaya ba ta shuka abin da babu.
Ranar ni biskit na je ci.

Na zauna, gwiwoyina suka yi ƙorafi.
Na ce, "Tunanin kashe kanka kake yi?"
Maganar ta fito kamar ƙayar kifi daga maƙoshi.
Ya dube ni, karon farko.
Ya ce, "Tun Talata."

Akwai lamba a bayan katina,
na yi shekara ina goga ta da babban yatsa ban taɓa kira ba.
Bugu biyu aka ɗauka.
Muryar wani Tormod, kamar yanzu ya ajiye cokali:
"Kada ka bar shi. Minti ashirin."

Minti ashirin!
Ni da matata ke cewa ko bango ya fi ni hira.

Na zuba shayi a murfin gorata na miƙa masa.
Ya riƙe da hannu biyu, bai sha ba.
Ya ce sau biyu ya faɗi darasi ɗaya,
kuma uwarsa, can a Wick,
ta riga ta sayi hular bikin kammalawa,
shuɗiya, da ɗan gashin tsuntsu,
ta turo masa hoto.
A kan hular nan ya fashe da kuka.

Ban ce komai zai daidaita ba. Ina na sani?
Na dai ce masa ubana ya yi shekara talatin a jirgin kamun kifi,
bai iya iyo ba,
kullum da igiya yake dogara, da wanda ke riƙe da ita.
Ban san dalilin da na faɗa ba.
Ya share hanci, ya ce, "Ya nutse?"
Na ce, "A kan kujera ya mutu, yana kallon ƙwallo."
Wani abu mai kama da dariya ya kuɓuce masa.

Tormod ya iso da riga jiƙe sharkaf,
bai tsaya a kanmu ba, ya zauna a matakin ƙasa.
Suka yi magana ƙasa-ƙasa.
Struan ya sa takalmansa, ya ɗaure ɗaya, ya manta ɗaya.
Suka sauka tare.

Murfin gorata ya bi shi.

Ko ya ci jarrabawar, ba hurumina ba ne.
A watan Maris na tarar da murfin a kan teburina,
an wanke shi tas, babu ko wasiƙa.

Akwai na'urar hawa a ginin nan, lafiyarta lau.
Likita ya ce in tausaya wa gwiwoyina.
Ƙarfe uku, matakala nake bi.