Esperaba

A hawa na shida, titin Tremont, cikin Bronx,
Doña Herminia ta mayar wa Turawa Turancinsu.
Shekara hamsin tana riƙe da shi kamar tukunyar aro,
ran da mantuwa ta sauka gidan, shi ta fara ɗauka.
Ni Lantana, da ake biya awa-awa
in juya ta, in shafa mata mai,
na wayi gari ba ta jin nawa, ba na jin nata.

Na sayi ɗan littafi a shagon gwanjo, dala biyu,
wani ya riga ni bin sa da jan biro.
Tsakanin maganin safe da na azahar nake buɗe shi
a teburin girki, kusa da ayabar da ta ƙi nuna.

Esperar: jira. Wai kuma sa rai.
Kalma ɗaya ta goya biyu, ko zani babu.
Littafin ya ce a datse wutsiyar, ar ɗin nan,
a liƙa aba.
Wannan sigar ta abin da akan yi ce a da,
ba a faɗi ranar da ya fara ba,
ba a ce ya ƙare ba.
Kunnena na Bahaushiya ya tsinci ba ɗin can ƙarshe,
na ce to, ashe mun san juna.

Yo esperaba, ina ta jira.
Tú esperabas, kina ta jira, da ɗan tsaki a bakin kalmar.
Esperábamos, nan murya ke hawa tudu,
sau uku ina tuntuɓe kafin mu haye tare.
Akwai wata ta mutanen Sifen,
mai jan biro ya soke ta, ni ma na bi sahunsa.
Esperaban, su can, kowa da tagarsa.

Wadda na baro a tsakiya ce ta dawo da ni.
Ni, esperaba. Ita, esperaba.
Na goge tabarau, na sake dubawa.
Ko ɗigo bai raba mu ba.

Ƙarfe huɗu nakan tura kekenta bakin taga.
Jirgin ƙasa na wucewa ta saman titi, kofuna na rawa.
Wilfredo na cikin na gaba, haka idonta ke cewa,
Wilfredo da hotonsa ke kan firiji
da baƙin ƙyalle tun kafin a ɗauke ni aiki.
Ni kuma waya na aljihuna,
takardun Sabi'una na ofishin biza, damina ta huɗu ke nan.

Jiya na gwada. Na ce, Doña, esperaba.
Ta juyo ta dube ni sosai, rabon da ta yi haka wata biyu.
¿Quién? Wato wa?
Na ɗaga yatsa, ban san wadda zan nuna ba.
Ta kama hannuna, nata sanyi kamar gindin randa,
ta girgiza kai irin na malamar da ta gaji da ɗaliba.
Espero, ta ce. Ta maimaita. Espero.

Da dare na nemo shi a littafin.
Can baya yake, shafi na tara,
babin abin da ake ciki yanzu.
Ashe tsallake shi na yi, ban karanta ba.