Sunaye Huɗun da Suka Rage

Kwana tara muka yi a Bur Sudan,
jirginmu maƙare da auduga da ƙaro,
tutar ƙasar da ba ruwanta da yaƙin
na kaɗawa, gishiri ya cinye mata baki.

Ni ke zuba gawayi a can ƙasa.
Sa'adu na sama, a ɗaki kamar akurki,
ɗan jarida, jikan Takari daga Mai Wurno,
shi da akwatinsa mai magana ba igiya.
In na hau shan iska da dare
nakan ji yatsarsa, ƙwas, ƙwas-ƙwas,
kamar kaza na tsintar gero a faranti.

Ran Talata, ko assalatu ba a kira ba,
kwalekwalen soja ya manne a gefenmu.
Hafsan ya karanta takarda, tafinta ya juya mana:
duk wanda ya aika zance ta iska daga ruwan nan
ɗan leƙen asiri ne, ko a jirgin wa yake.
Kyaftin ya nuna tuta.
Hafsan ya ce tuta na kare katako da auduga,
abin da ya tashi sama kuwa, ba a inuwarta yake ba.

Sa'adu ya ce, to ku duba me na aika.
Sunaye ne. Alhazai goma sha bakwai
da kwalekwalensu ya taka nakiya daf da Sawakin.
A gida ana can ana musu share ɗaki.
Hafsan ya ce, inda nakiyar ta tashi,
ai shi ne asirin.

Mutum biyu suka ɗauki akwatin kamar makara.
Shi kuma ya bi su, tabarau a hannu,
ya cusa mini takarda, baƙin gawayina ya taɓa ta.
Ban san inda suka kai shi ba.
Wasu sun ce kurkukun tsibiri. Wasu ba su ce komai ba.

Ban iya boko ba. Wani akawu a Jidda ya karanta mini:
sha uku sun tafi, huɗu sun rage.
Barau. Lantana. Jibo mai tsini.
Da jinjirin da aka haifa a hanya, ba a kai ga suna ba.

Duk tashar da muka tsaya
nakan hau sama, in fuskanci yamma,
in faɗe su da ƙarfi.
Ni ma ta iska nake aikawa.
Har yau dai ba a zo kama ni ba.