Reshen Bedi a Kan Kunama

Ina ɗan shekara sha bakwai
Nalado ya danne hannuna a wani lungu na Ƙofar Marusa,
ya gasa ƙwallon kashu, ya tsoma allurar ɗinki,
ya zana mini kunama a sangalin hannu,
a ƙarƙashinta ya rubuta: BA TSORO.
Wutsiyar ta karkace, don hayaƙi ya fi ƙarfinsa ranar.
Na cije leɓe, ban ce uffan ba.
Kwana tara tana ruwa.

Sauran zanen ba allura ta yi shi ba.
Wani daren zaɓe, wajen Sabuwar Unguwa,
adda ta sauka, ta raba kunamar biyu.
Ɗinki sha huɗu.
Nas tana jan zare tana tambayata
ko ina da uwa a garin nan.
Nalado ko ƙofar asibitin bai kai ba.

Shekara sha ɗaya ke nan ina faci a hanyar Jibiya.
Na san yadda ake rufe huda:
a kankare, a shafa gam, a danne da wuta.
Tawa ce ban iya ba.
Duk zafin bazara, riga mai dogon hannu.
In za a yi alwala, ni ne ƙarshen layi,
na juya baya kamar mai satar ruwa.

Sai Yahanasu ta shiga aji biyu.
Komai karantawa take:
buhun taki, gwangwanin madara, bayan motar itace.
Rannan na tuɓe riga zan watsa ruwa,
ta ɗora yatsa tana haɗa baƙi.
"Ba... tso... ro.
Baba, tsoron wa?"

Adda ba ta kaɗa mini ciki haka ba.

Na je wurin liman bayan la'asar.
Ya ce na farkon ma bai halatta ba,
kada in ɗora wani a kansa.
Tuba ta isa, ba fata Allah yake dubawa ba.
Na ce na ji, malam,
amma yarinya fata take dubawa.
Ya daɗe yana jan carbi.
Abin da na yi bayan nan
yana tsakanina da Mai gafara.

Illo, mutumin Maraɗi,
ɗaki ɗaya a bayan tasha, labule shuɗi,
ɗan injinsa yana kuka kamar zanzaro.
Ya shafa tabon da babban yatsa ya ce,
"Tabo ba ya shan tawada yadda kake so.
Nan ya sha, can ya tofar.
Me za a sa?"
Na leƙa ta taga. Bedi ne kawai a tsakar gidan.
Ya yi dariya:
"Kowa zaki yake nema, kai ka zaɓi ɗaci."

Saran addar ya mayar reshe.
Ƙafafun kunamar suka tsiro ganye.
Haruffan nan bakwai suka nutse cikin inuwa ɗaya bayan ɗaya,
T ce ta yi gardama, sai da aka koma mata sau uku.
Kuɗin facin sati shida.
Ya fi na farko zafi,
ko kuwa yanzu ne nake da hankalin jin zafi.

Yahanasu ta ƙirga ganyen: ashirin da uku,
ɗaya ya kwaɓe, ta ce akuya ce ta ci.

Jiya da dare aka ɗauke wuta.
Ta yi matashi da hannuna a tabarma,
yatsanta yana bin tudun tabon,
don duhu bai san tawada ba.
"Baba, kunamar tana ciki?"
Na ce tana ciki.
"Barci take?"
Na ce ban sani ba. Gadinta nake yi.

Ta yi hamma, ta gyara kwanciya a kan reshen.
Hannun ya sage tun tsakar dare.
Ban janye ba har aka kira assalatu.